Yadda Za Ka Shekara Bakwai Kana Gina Kwalbati Ɗaya

Kai da aka damƙa wa aikin da ka san idan ya ƙare kujerarka ma ta ƙare, matso kusa. Shekara bakwai na yi ina kula da kwalbati guda a wani rafi da ke bayan Durun, kuma ko sau ɗaya ba a kama ni da laifin gamawa ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ka yi ritaya aikin yana nan da ransa.

Mataki na 1: Rushe tsohuwar tukuna

Mutanen ƙauye suna da gadar itace da suke lallaɓawa a kai. Ranar aza harsashi ka sa a cire ta. Daga nan babu mai iya soke aikinka, domin kowa ya zama mabukaci. Ni da na cire tamu, wata tsohuwa, Gwaggo Hajjo, mai zuwa asibiti a Gwarzo duk wata karɓar maganin hawan jini, ta ce, "To ɗan nan, ta ina za mu bi?" Na ce, "Wata uku kacal, Gwaggo." Har albarka ta sa mini.

Mataki na 2: Zana jadawali

Samu babbar takarda ka manna a bangon ofis, ka ja jan layi daga Janairu zuwa Maris. Maris na ƙarewa ka ƙara layin. Idan takarda ta ƙare, liƙa wata. Tawa sai da ta zagaye taga.

Mataki na 3: Riƙe kalanda da kyau

Da rani babu ruwan kwaɓa siminti. Da damina ruwan ya yi yawa. Da kaka leburori suna gona. Da azumi kuwa, wane marar imani ne zai sa mai azumi ɗaukar bulo? Idan wani wata ya rage babu uzuri, ka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Wannan ba ya tsufa.

Mataki na 4: Kada ka yi ƙarya

Yanzu zamanin Shari'a ne, dattawa za su iya cewa ka rantse. Saboda haka ajiye birkila ɗaya a wurin. Nawa Uwaisu ne, dattijo mai haƙuri. Litinin ya kwashe yashi daga gabas zuwa yamma, Alhamis ya mayar. Ko gaban wa aka kai ni, zan dafa ƙirji in ce aiki bai taɓa tsayawa ba.

Mataki na 5: Masu ƙorafi

Za su zo. Malama Hanna, mai koyarwa a firamaren tsallaken rafi, ta shigo mini da zani jiƙe sharkaf, ta ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan Gwaggo ba ta sha magani ba. Ruwa ya kai ƙirji, mai babur ya ƙi." Kada ka yi musu. Ba ta kujera, tambayi maigida da yara, sannan ka nuna mata jan layi ka ce an kai kashi casa'in. Casa'in wuri ne mai daɗin zama, na shekara huɗu a can.

Mataki na 6: Idan suka gama da kansu

Wannan ne haɗarin. Ranar da Gwaggo ta faɗi, a ka aka ɗauko ta aka ratsa ruwa, kafin a kai titi ta cika. Bayan sadakar uku mutanen gari suka yi gayya, Uwaisu ya ja gaba, kwana tara suka haɗa kwalbatin. Idan haka ta same ka, kada ka ruɗe. Sa babbar riga, je ka tsaya a kai a ɗauke ka hoto, ka rubuta "an kammala cikin nasara."

A kula

Marubucin nan ba shi da alhakin abin da zai biyo baya, ko a ofis ko a kabari. Wanda ya kasa barci ya nemi likita, ni ma nema nake. Kuma kada wanda ya sake tare ni da zancen Gwaggo Hajjo. Yayar mahaifina ce, ita ta goya ni, saboda haka wannan maganar gida ce.