Yadda Za Ka Burge Sadiyya a Wajen Kiɗan Piyano Ba Ka San Komai Ba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ka cika baki ka gaya wa Dakta Sadiyya ta Mitchellville cewa kiɗan piyano ne abincin ranka, ita kuma ta yarda har ta sayo tikiti. Ranar Lahadi da yamma wani shahararren tsohon makaɗi zai yi wasa a Washington. Fahad ma zai je, shi da ya koyi piyano tun yana ƙarami, kuma shi ma aurenta yake nema. Ni Muntaka na Manassas na yi maka alkawari: bi matakan nan, Sadiyya taka ce.

1. Zubar da haddar da ka yi

Na san ka kwana biyu kana bitar sanannun kiɗe-kiɗen nan a mota, irin waɗanda asibiti ke kunna maka idan an ce ka jira a waya. Wahalar banza. Tsohon ya gaji da su. Abin da ya tono yanzu, jikokin masu shi ma ba su taɓa ji ba. Yi murna. Kai da Turawan duk jahilcinku ɗaya, sun dai fi ka iya ɓoyewa.

2. Bar gaisuwa a mota

Idan ka hango ɗan gida a layin gaba, kada ka soma "ina gajiya, ina iyali". Ɗaga masa gira kawai. Turare kuma rabin wanda ka saba, hula gajera, don matar da ke bayanka ita ma kallo ta zo.

3. Kada ka jira waƙa

Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba wanda za a wasa. Tsohon zai fito ya rusuna, ya zauna bai ce wa kowa sannu ba, kuma ba raini ba ne. Kada ka kuskura ka tambayi Sadiyya, "Wai wa yake yi wa?" Hannunka ya nisanci aljihu, nan ba a liƙi.

4. Gyara fuska

Lumshe ido kamar mai sauraron wa'azin mutuwa. Amma kada ka ci tuwo kafin ka fito, lumshe ido da tuwo a ciki ƙarshensa minshari. A lokacin hutu Fahad zai zuba Turanci, sunaye da shekaru. Bar shi. In Sadiyya ta ce, "Kai fa, ya ka ji?" girgiza kai ka ce, "Hannunsa na hagu, Sadiyya. Hmm." Sai ka tafi neman inda za ka yi La'asar.

5. Batun tafa hannu

Nan maza ke faɗuwa. Tsohon yakan tsaya cak a tsakiya alhali bai gama ba, kuma dokar ita ce ba a tafa masa sai ya miƙe. Amma na san ka. Zai shiga wani kiɗa a hankali, kamar yayyafi a kan kwanon gidanku na Zariya, sai ka tuna mahaifiyarka, ka manta cewa ƙarya ka zo yi. Yana ɗage hannu za ka tashi tsaye kai kaɗai kana tafi, kana cewa, "Allah ya ƙara basira, Baba!" Kowa a zauren zai juyo ya kalle ka. Fahad zai rufe fuska da takardar shirin.

6. Kada ka gudu

Tsaya a inda kake, hawayen da ke zubo maka ma bar su. Tsohon nan ya daɗe yana kaɗa wannan abu ga mutane masu duba agogo. Zai leƙo ka ta saman tabarau, ya dafa ƙirji, ya ci gaba. Sadiyya za ta ja hannun rigarka tana raɗa, "Zauna don Allah, ka kashe ni," kafaɗunta na rawa don dariya. Lura da kyau, ba za ta saki rigar ba har a tashi. A wajen ajiye motoci za ta ce, "Fahad ya san sunan komai, amma ban taɓa ganin abin ya taɓa shi ba. Turo magabatanka."

Sanarwa

Ni aure na ce zan samo maka, kuma ga shi. Tikitin shekara guda cur da amarya za ta sayo muku, kujerar gaba, da piyanon da za a shigo da shi falonka a fitar da talabijin, babu hannuna a ciki. Kada ka kira ni ranar Lahadi, ina kallon ƙwallo.