Ranar Da Ƙararrawata Ta Yi Aiki

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na watsa sallar la'asar a masallacin unguwarmu, a Madabo, ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a ƙaramar sakandare, a shekarun nan da tashin bom ya hana Kano sakat. Ko leda aka yar a hanya sai ka ga mutane suna kauce mata. Ni kuwa damuwata daban ce: Baba ya ce in na faɗi jarrabawar aikin hannu, maganar kwalejin fasaha ta mutu, shagonsa na yadi zan koma. Ni da tuni na sa yaran layinmu suna kirana Injiniya!

Malamin fasaha ya ce kowa ya ƙera abu mai amfani. Masu hankali suka yi kujera 'yar tsuguno. Ni na ce ƙararrawar tashin asuba zan haɗa. Na samo gwangwanin madara, tsohon agogo, batir, wayoyi ja da baƙi, da hon ɗin babur. Kyau kam ta yi (a idona). Matsalarta ɗaya, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Ana gobe za a duba, na saka ta a jaka zan kai wa wani mai gyaran rediyo a Jakara ya rufa min asiri. Na tsaya salla, na ajiye jakar a bayan sahu, wayoyi sun leƙo waje.

Muna raka'a ta biyu sai wata ƙara ta ɓarke. Wani ya waiga, ya hango wayoyi, ya ce, "Innalillahi, bom!" Wa kuke tsammanin ya fara kai ƙofa? Ni. Wallahi ban gane muryar ƙararrawata ba, tunda ban taɓa ji ba. Na tsallake dattawa, ina ihun "Ku gudu!" Sai da na kai titi, ba takalmi, na tuna jakar wa ce.

Da na lallaɓo, na tarar samari sun binne ta da ƙasa da ruwa. Baba yana tsaye yana kallon jakar, wadda aka ɗinka da ƙyallen shagonsa.

"Kai, zo nan. Naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Kai ka haɗa, kuma kai ka riga kowa gudu?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Aka sake salla, sannan aka miƙo min tsintsiya.

Jarrabawa kam na faɗi warwas. Na shirya kama almakashi, sai Baba ya ce, "Ba dai shagona ba, yadi ba ya shiri da wuta. Tafi makarantar, su suka ga za su iya."

Yau aikin wayarin ɗin lantarki nake yi, kuma na koyi abu ɗaya: in ka ji fitina ta tashi, kafin ka ce a gudu, duba ko kai ka kawo ta a jaka.