Biko da Lauje

Wani ne a Birnin Kudu, can bayan marina. Mutum ne marar mugunta ko ta ƙwayar gero. Aibinsa ɗaya: in ana yi masa magana, farkonta yake ɗauka, sauran ya bar wa mai ita.

Maƙwabcinsa Malam Hambali yana da shingen lalle a bayan gida. Wata rana, sanyi ya fara ja da baya, mutumin ya leƙa ta kan danga ya tarar da Malam ya duƙa da lauje yana sassare lallen nan, reshe bayan reshe, har ba abin da ya rage sai kututture. Ya tsaya ya yi ta dariya. Ya tambaye shi ko lallen zaginsa ya yi. Malam Hambali ya ci gaba da saransa. Mutumin ya zaga unguwa yana ba da labari, wai Malam zai shiga wanzanci, ya fara koyon aski a kan itace.

Da ruwa ya sauka, sai bakin mutumin ya mutu. Kowane kututture ya fitar da rassa kamar an yi musu gayya. Ganye shar, fure fari, ƙamshi har ƙofar masallaci. Mata suna ta zuwa roƙon ganye suna sa wa Malam albarka.

Mutumin ya sa ƙafa ya je ya durƙusa, ya ce a yafe masa dariyar da ya yi, a kuma ba shi asirin.

Malam Hambali ya ce, "Ba wani asiri. Lalle yana son aski, in ka sare shi sai ya dawo ya fi da. Ka wasa laujenka, ka yi saran a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. Ka bar masa kamu guda daga ƙasa. Wannan kamun shi ne ransa, in dai ka bar shi, komai daɗewa zai dawo. Amma fa lokacin yi..."

Ko kafin ya kai nan, mutumin ya kai zaure. Malam ya so ya gaya masa cewa sai fure ya zube, 'ya'ya sun bushe, rani ya shiga, sannan ake taɓa shi. Ya so ya gaya masa cewa ba a sa wa itace ƙarfe yana cikin fure, kuma ba kowace shuka ce ke yafe sara ba. Danga ce ta ji wannan duka.

To, lokacin kuwa marka ce. Matarsa Turai tana da ɗan lambu a bayan ɗaki: kuɓewa ta yi fure, yakuwa ta miƙe, ga auduga da take tsinka ta yi kaɗi da ita, ga barkono. Ranar ta tafi suna Wurno, wani ƙauye nan kusa. Mutumin ya wasa lauje har yana aske gashin hannu. Ya bi shukokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya auna kamu, ya datse a karkace. Barkono ne kaɗai ya tsira, don bai kai kamu ba. Ya nuna shi da yatsa, ya ce ya girma ya same shi.

Yana juyowa sai ya yi ido huɗu da jakinsa. Ya dubi jelar nan, 'yar siririya, gashin ƙarshenta ba yawa. Tausayi ya kama shi. Ya auna kamu, ya datse gashin tas.

Turai ta dawo da yamma. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ta dubi lambu, ta dubi jaki, ta dubi mijinta. Ta tambaye shi da me za ta yi miya. Ya ce ta yi haƙuri kaɗan, kuɓewar da ke tafe kowacce sai ta kai taɓarya.

Ta ce, "To, ka ci tuwonka da haƙurin."

Gari na wayewa ta ɗaure ƙwaryarta, ta bi 'yan kasuwa, sai Gwaram wajen uwarta. Ni abin da ke tsaya min a rai kenan duk sanda na tuna labarin nan: mace a hanyar Gwaram tsakar damina, rafuka sun cika. Allah dai Ya tsare mana 'ya'ya.

Mutumin ya zauna jiran toho. Kuɓewa ta ruɓe, yakuwa ta yi baƙi, audugar ma ba a magana. Ya ce ƙila saran ne bai karkace sosai ba. Amma tuwo gaya ya fara isarsa, gidan ya yi masa faɗi, har ya kama kansa yana hira da barkono. Nan ya gane in bai dawo da Turai ba, shi ma ruɓewar zai yi.

Ya koma wajen Malam Hambali. Malam ya ce biko zai je. Ya riƙi gishiri da daddawa. In ya isa, ya nemi Bappa Haladu, ƙanen uban Turai, tunda shi ke magana a gidan tun rasuwar uban.

Malam ya ƙara da cewa, "Gaban surukarka kuwa, kada ka buɗe baki, kada ka ɗaga kai. Laujen nan kuma..."

Mutumin ya riga ya kai zaure.

Ya hau jaki da lauje a kafaɗa. Kun san ƙudan damina. Suka rufe jakin nan, yana ta kaɗa guntuwar jela ba ta kaiwa ko'ina. Mutumin yana ta ba shi baki, wai baɗi war haka jelarsa sai ta fi ta dokin sarki. A mashigin wani rafi jakin ya ga bakin ya isa haka, ya yi tutsu ya zube shi cikin laka. Gishiri ya tafi da ruwa. Daddawa da lauje ne suka isa Gwaram.

Abin da bai sani ba, aikinsa ya riga ya kusa ƙarewa tun kafin ya zo. Inna, uwar Turai, tana goyon bayansa. Ta gaya wa 'yarta cewa mijin da ba ya duka, ba ya zagi, ba ya hana abinci, sai dai ƙarancin wayo, ai ana zama da shi. Turai ma ta fara saukowa. Har Inna ta ce gobe za ta tsinko ganyen lalle ta ƙunsa mata, in mijin ya zo ta koma ɗakinta da jan hannu.

Lallen Inna kuwa ba irin na Malam Hambali ba ne. Gindi ɗaya ne a tsakar gida, marigayi mijinta ya dasa mata shi. Ya fi katanga tsawo. Babu amaryar da ake yi a unguwar ba a zo an tsinki ganyensa ba. Ranar ya cika da fure, ƙudan zuma na ta kaiwa da komowa, kazar Inna da 'yan tsakinta suna kwance a inuwarsa.

Mutumin ya iso da hantsi. Kowa yana gona. Bappa Haladu yana gona, Turai ta kai wa masu noma abinci. Inna kaɗai ce a gida, tana kaɗi a rumfa.

Ga kuma Turai 'yar fari ce. Inna ko sunanta ba ta faɗa, balle ta dubi mijin 'yar ta yi masa magana. Tun da aka yi auren, bai san kamannin fuskarta ba, ita ma ƙeyarsa kawai ta sani. Ya tuɓe takalma tun daga waje, ya yi sallama, ya shigo a sunkuye, ya gaida ƙasa. Inna ta juya baya ta amsa wa bango. Ta gaya wa bangon cewa masu gida suna gona, baƙo ya samu inuwa ya huta.

Inuwar kuwa ɗaya ce a gidan.

Ya tsuguna a gindin lalle, kai a ƙasa. Fure yana faɗo masa a wuya. Ya saci kallon gindin: tsoho, rassa sun sarƙe, wasu sun hau kan wasu. Zuciyarsa ta karye. Ashe baiwar Allahn nan ba ta da mai yi mata aski. Ya tuna gishirin da ya narke, ya ga ai ga abin da ya fi gishiri. Ya sake tuna maganar Malam Hambali: baki a rufe, kai a ƙasa. Ba a ce komai game da hannu ba.

Ya kafa gwiwar hannu, ya auna kamu, ya ɗora lauje.

Inna ta ji ƙas. Ta ji wani ƙas ɗin. Ta waiga da wutsiyar ido ta ga reshe guda kwance da furensa. Mazari ya faɗi daga hannunta. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Sai ta yi gyaran murya.

Mutumin ya ce a ransa, Inna ta ga aiki, tana yabawa. Ya ƙara himma.

Ta yi tari. Ta yi tari mai ƙarfi, har da buga ƙirji. Ya ce a ransa, ashe ƙamshin furen nan ne ke sarƙe tsohuwa, gara a kawar da shi da wuri. Ya ƙara sauri.

Inna ta dubi akuyarta da ke ɗaure a turke, tana tuƙa abinta ba ruwanta.

Ta ce, "Ke akuya, ki ji tsoron Allah ki bar min lallena haka."

Mutumin ya ajiye lauje. Ya rarrafa a sunkuye, ya ja kunnen akuyar, ya raɗa mata cewa ba ta da kunya, tsohuwa na magana tana tuƙa. Ya kwance ta ya kai ta zaure ya ɗaure kusa da jaki. Ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito. Ta leƙa ta katanga ko za ta ga wanda za ta aika gona, ba kowa, unguwa shiru. Ta dawo ta tarar rabin lallen yana ƙasa. Tunda kuma kansa a sunkuye yake, duk abin da lauje ya taɓa nasa ne. Duman da ya hau katanga ya tafi. Igiyar shanya ta tafi da zannuwan da ke kanta.

Inna ta dubi kazar, wadda ta rasa inuwa tana ta zagaye.

Ta ce, "Ke kaza, ashe ba ki da ido? Itace na cikin fure ake sa masa ƙarfe?"

Mutumin ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa, Allah sarki, tsufa, har da kaza take shawarar noma. Ya yi alkawarin in an shirya zai riƙa zuwa yana ɗebe mata kewa. Ya kama reshen ƙarshe, mai kauri, ya yi ta fama da shi har ya kwanta.

Da la'asar masu gona suka dawo. Bappa Haladu ne a gaba, Turai a baya da ƙwarya a ka. Suka shigo suka ga rana ta cika tsakar gida, inda ba ta taɓa sauka ba. Ga rassa tuli guda, ga kututture, kaza ta hau kai ta tsaya. Ga mutumin a tsugune, laka a jiki, fure a ka, yana share lauje da gefen riga. Inna na zaune ta ba shi baya, ta yi tagumi.

Turai ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a kanta.

Mutumin ya gaida Bappa, ya miƙa daddawa. Ya ce ba sai an gode masa ba, yi wa kai ne. Ya ce kowane reshe a karkace ya sare shi, Bappa na iya dubawa. Ya ce duk abin da aka datse dawowa yake ya fi da, Malam Hambali ne ya faɗa, su jira kawai su gani. Sannan ya sassauta murya ya ce, dama biko ya zo, in an yarda gobe sai su kama hanya da mutuniyar.

Bappa Haladu ya riƙe gemu yana neman ta inda zai fara. Inna ta riga shi. Ba ta waigo ba, kazar ta duba.

Ta ce, "Ke kaza, gaya wa baƙo, zaman yarinyar nan a gidansa ma mun yi masa aski. Ya koma Birnin Kudu ya jira ruwa. In ya ga toho, ya aiko."

Mutumin ya saci kallon kazar, kai a ƙasa. Can ya matsa kusa da kututturen, ya karkata baki wajen kazar.

Ya ce, "Kaza, don Allah tambayar min Inna, sun dai bar kamu guda a gindi ko?"