Tunau da Takalmi Mai Katifa

A ƙarshen ƙauyen Kukar Bako akwai wani gida, daga shi sai gonaki. Mutum biyu ne a cikinsa, Inna Tabawa da ɗanta Tunau, sai wata akuya da ba ta jin kora. Tunau ya haura shekara talatin, dogo ne siriri, ga ladabi ga ƙarfi. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, za ka dawo ka tarar ya kifa fuska a kan murfi.

Amma a gudu ba shi da na biyu. Rijiyar garin ta ƙafe shekara uku, ruwa sai an je rafi, tafiyar sa'a guda. Inna takan miƙa masa jarka ta ce, "Maza, kada ka bari ƙafarka ta huta." Shi kuwa ba ya barinta. Haka ya saba, ba takalmi, har tafin ƙafarsa ya yi kaushi kamar bayan kada.

Wata rana mai shela ya zaga gari ya ce ƙaramar hukuma ta shirya tsere tsakanin ƙauyuka goma sha biyu. Rabin hanyar kwalta ce, rabi hanyar daji mai duwatsu da ƙaya. Ƙauyen da ɗansa ya zo na ɗaya za a haƙa masa rijiyar burtsatse. Sharaɗi ɗaya ne, ba a shiga ba takalmi. Malam Jibo, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya ya dawo gida, ya aika aka kira Tunau.

"Ƙafarka ta san daji," in ji Malam Jibo, "amma ba ta san kwalta da rana ba. Takalmi za ka samu mai katifa a ƙasa, katifa mai kauri, wadda ko dutse ka taka ba za ka ji ba."

"To, Malam."

Da la'asar Inna ta shiga ɗaki ta tarar da ramuka biyu a katifarta, kowanne siffar ƙafa. Ta fito ta ga Tunau a tsakar gida ya ɗaure soso a ƙafafunsa da igiyar akuya yana tsalle, akuyar kuwa ta tsoma baki a kwaryar gero.

"Tunau! Katifata!"

"Inna, Malam cewa ya yi mai kauri. Na duba tawa, tabarma ce."

Wata rana Malam Jibo ya zo da albishir cewa dattawan gari sun ɗauki nauyin takalmin, ranar kasuwa za a je birni a zaɓo. "Sai dai ka sani," ya ce, "ba a gwada takalmin gudu sai ƙafa ta kumbura." Nufinsa a je da yamma, bayan ƙafa ta sha tafiya ta ɗan buɗe. Tunau ya duba ƙafarsa ya ga ba ta da niyya. Ya tafi gindin tsamiyar bayan gari inda rina ta yi gida, ya yi bisimilla ya zura ta dama, ya cire, ya zura ta hagu. Da safe aka gan shi a ƙofar gidan Malam zaune a kan jaki, ƙafafu kamar kabewa biyu.

"Malam, sun kumbura. Mu tafi?"

Ba a je kasuwa wannan makon ba. Inna ta yi kwana biyar tana shafa masa magani tana mita, Malam Jibo kuwa ya yi alkawarin daga yau sai ya tauna magana kafin ya furta.

Wata rana, da kasuwa ta sake zagayowa, suka shiga mota suka tafi. A hanya Malam ya ce, "Abu uku muke nema. Mai katifa, mai haƙora da za su kama ƙasa, wanda kuma zai yi kwalta ya yi daji." Suna sauka wani tsohon ɗalibin Malam ya tare shi da gaisuwa, Tunau ya wuce gaba zuwa rumfar Alhaji Gambo mai takalma. Ya ɗauki takalmi ya buɗe bakinsa ya leƙa, ya ajiye. Ya ɗauki wani ya zura yatsa a hankali, ya janye da sauri.

"Samari, me kake nema a ciki?" in ji Alhaji.

"Haƙora, Alhaji. Waɗannan duk tsofaffi ne, sun zube."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya juya masa ƙasan wani takalmi ya nuna masa ƙusoshin roba. "Ga haƙoran. Wannan na daji ne. Wancan mai santsi na kwalta." Kafin Malam ya iso Tunau ya gama zaɓe, na kwalta a ƙafar dama, na daji a ta hagu, ɗaya ja ɗaya kore.

Malam ya dube shi ya ce, "To in kuna kan kwalta, yaya za ka yi da ta hagun?"

"Sai in ɗage ta in yi langa, Malam. In mun shiga daji in canza."

Alhaji ya share hawayen dariya, ya hau benci ya sauko da wani kwali. Takalmi ne shuɗi, kaurin ƙasansa ya kai yatsa uku, amma a hannu kamar auduga. Haƙoransa gajeru ne, ba za su yi ƙara a kwalta ba, ba za su zame a tsakuwa ba. Malam ya danna ƙasan da babban yatsa ya ga ya lotsa ya dawo. Ya sa Tunau ya saka, ya taɓa gaban ya ji akwai sarari. Ya gyaɗa kai.

"Ruga da shi ka ji," in ji Alhaji.

Tunau ya ruga. Ya wuce layin 'yan atamfa, ya tsallake tulin albasa, ya fita ta ƙofar kasuwa. Wani ya ga mutum a guje da sabon takalmi ya kwarma ihun ɓarawo, mahauta da 'yan dako suka rufa masa baya, amma ko ƙurarsa ba su kama ba. Da ƙyar Malam ya kwantar da mutane, ya sallami Alhaji, ya hau mota. Da ya isa Kukar Bako ya tarar da Tunau a ƙofar gida yana shan fura.

"Me ya hana ka dawowa?"

"Alhaji bai ce in dawo ba. Ya ce in ruga in ji. Na kuwa ji, Malam, kamar ina taka sabon burodi."

Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna motar ba ta tsaya ko'ina ba sai sau biyu, amma duk da haka Tunau ya riga ta isowa. Ya dubi agogonsa, ya dubi Tunau, ya rufe bakinsa yana murmushi.

Wata rana Malam ya ce, "Sabon takalmi sai ya saba da kai kafin ranar tsere." Tunau ya ɗauki abin da muhimmanci. Kullum da safe sai ya durƙusa ya tambayi takalmin kwana. Ya riƙe shi a hannu ya zaga da shi gida-gida yana nuna masa dangi. Ya ajiye masa koko da ƙosai, akuya ta shanye. Bayan kwana uku ya je wurin Malam ransa a ɓace.

"Har yanzu kunyata yake ji, ko uffan bai ce ba."

Malam ya dafe kai. "Saka shi a ƙafarka. Ka je rafi da shi. A guje. Ka dawo. Kullum." Ya tsaya ya sake tauna maganar, ya ƙara da cewa, "Da jarka."

Ranar tsere kuwa rabin Kukar Bako sun cika akori-kura sun tafi birni, har da Inna Tabawa. 'Yan tsere sun kai sittin. A cikinsu akwai wani Ɗanbarewa na ƙauyen Tudun Gabas, wanda aka ce ba a taɓa ganin ƙirjinsa a tsere ba, sai bayansa. Hantsi ya ɗaga, kwalta ta fara zafi. Malam ya ja Tunau gefe, ya manta da alkawarinsa.

"Kada ka yi gaggawa. In an tashi, ka zauna a bayansu."

Ana jiran ƙarar bindigar tashi sai tayar wata motar kaya ta fashe a bakin tasha. Mutum sittin suka zabura kamar an kunna musu wuta. Tunau ya nemi wuri a bayansu ya zauna daram a ƙasa, ya miƙe ƙafafu. Mutanen Kukar Bako suka ɗora hannu a ka. Inna ta ce, "Shi ke nan, ya kashe mu."

Alƙalan tsere suka yi ta busa usur, babu mai waiwaye. Sai da aka bi su da babur, ba a cim musu ba sai a gada, sun zubar da kilomita biyu a banza. Aka taso su suka dawo a ƙafa suna haki, gumi kamar an yi musu wanka. Suka tarar da Tunau zaune, wata mai tallan rake ta ba shi gaɓa ɗaya yana sha.

Aka sake jera su, bindiga ta tashi ta gaske. Tunau ya gyara zama. Malam Jibo ya yi kukan kura ya ce, "Tashi! Tashi ka nuna musu ƙasan takalminka, dukkansu!"

Tunau ya miƙe. Ya yi tunani ya ga mutum ba zai ga ƙasan takalminka ba sai yana bayanka. Ya cim ma na ƙarshe, ya shiga gabansa, ya ɗaga dunduniya. "Ka gani?" Ya wuce na gaba. "Ka gani?" Haka ya yi ta bin su ɗaya-ɗaya har kwalta ta ƙare. A daji masu siraran kambas suka fara tsalle-tsalle a kan tsakuwa, wasu suka tsaya cire ƙaya. Shi kuwa yana taka duwatsu kamar yana tafiya a kan katifa. A gangaren ƙarshe saura mutum ɗaya. Ɗanbarewa ya ji taku a bayansa ya ƙara mai, amma ƙafafunsa sun riga sun sha kilomita huɗu na banza. Tunau ya shiga gabansa ya waiwayo.

"Ka gani, ko in ƙara ɗagawa?"

Bai ma lura ba ƙirjinsa ya tsinka zaren ƙarshe. Fili ya kaure da guɗa, aka ɗaga shi sama, shi kuwa yana tambaya ko akwai wanda bai gani ba.

Bayan wata biyu ruwa ya ɓulɓulo a tsakiyar Kukar Bako. Gari ya taru, Maigari ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku shaida, Tunau ya share mana hawaye."

"Ranka ya daɗe, ban share ba tukuna," in ji Tunau.

Ya kama bakin rigarsa ya shiga cikin taro yana duba fuskoki. Mutane suna ta dariya suna kaucewa. Da ya iso kan Inna Tabawa, tana tsaye da bokiti cike da ruwa, sai ya ga hawayenta na gaske ne. Ya durƙusa ya share mata, ita kuwa ta bar shi ya share.

Nan labarin Tunau ya tsaya, ƙurunƙus kan takalmi.