Rasuwar Meram, Kwamfutar da Aka Bar Wa Ƙofa a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da har yanzu bai bar harshena ba, ni Bilyamin Zarami nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Meram. Ciwon ajalinta ya fara ne ranar wata Laraba, ranar da hadari ya taso daga wajen Fika, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta ruri har la'asar, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ta cika bayan 'yan kwanaki, a hannun mutumin da ba zan ɓoye sunansa ba.

Marigayiyar 'yar Baljiyam ce. Ta shigo ƙasar nan da shekarunta, da tabo a murfi, wasu haruffan sun goge saboda yatsun wani Bature da ban sani ba. Batirinta ya mutu tun kafin mu haɗu, don haka zaman kulle ta yi a ɗakina, ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba. In an kawo wuta aka kunna ta, sai ta yi sallamarta, tin-tirin, sannan fankarta ta kama fuuu, kamar tsohuwa na hura murhu.

Wanda ya san ni ya san ba na zama wuri guda. Na bar makaranta a aji huɗu na sakandare. Na ja Keke Napep, na sayar da caja a tasha, na yi lodin shanu a manyan motoci, babu sana'ar da damina biyu ta same ni a kanta. Meram ce ta zaunar da ni. A kanta na koyi haɗa bidiyon biki da gyaran hoto, har mutane suka fara sallama a gidanmu suna tambayar Bilya mai bidiyo. Inna takan leƙo ta gan ni zaune tun hantsi, ta koma tana cewa wannan akwatin ya yi abin da bulala ta kasa.

Ban ci amanarta ba. Na rufe ta da zanen atamfa, na saya mata sitabilaiza, na sa wa ƙofar ɗakin kwaɗo. Tarbiyyar gidanmu ke nan. Mahaifinmu, marigayi Malam Zarami dillalin shanu, shi yake rufe ƙofar gida da hannunsa, kuma sai ya girgiza ta kafin ya yarda ta rufu. Abin da ban sani ba shi ne, Meram tana da nata ƙofofin a ciki, dubbai, kowace da lambarta, ta nan saƙo yake shiga yana fita idan tana kan intanet. Wadda ba a amfani da ita rufewa ake yi, kuma akwai katangar tsaro mai gadinsu. Duk wannan daga baya Ɗantala, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, ya fahimtar da ni, lokacin da sanin ba shi da sauran amfani.

Marigayiyar tana da aibi guda, kuma zan faɗa ko da ba a son faɗin aibin mamaci: ba ta iya mayar da baƙo ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ya faɗi kalmar sirri, ta buɗe masa. Ni da na yi mata komai, ko tari ba ta yi ba don in gane akwai wani a ɗakin.

Amma ba ita ta zare sakatar ba. Yaya Hussain ne, mijin yayata Amatullah, mai shagon buga takardu a Fika. Bara ya zo gaishe da Inna, ya tarar tana yi mini nauyi, ya ja kujera ya zauna. "Ƙanina, bar wahalar da kanka," in ji shi. "Zan buɗe wata 'yar ƙofa, duk abin da ya same ta in gyara maka daga shago, ba sai na shiga mota ba." Ya taɓa wani abu a cikinta, ya taɓa wani a 'yar na'urar intanet ɗinmu, ya kashe katangar tsaron domin wai tana hana shi wucewa. Kalmar sirrin da ya sa kuwa, ɗaya biyu uku huɗu. Sau ɗaya na tambaye shi ko ba a rufe ƙofar in an gama. Ya yi dariya ya ce, "Au, ni ne ɓarawon ke nan?" A gidanmu ba a maimaita wa suruki magana. Ban ƙara ba. A iya sanina bai taɓa gyara komai ta ƙofar nan ba, fina-finaina kawai yake kwasa.

Ranar Larabar, ina zaune na ga kibiyar linzami tana tafiya ita kaɗai, hannuna yana kan cinyata. Fankar ta daina fuuu, ta koma kuka. Kafin hadarin ya watse, duk abin da ke cikinta ya canza suna ya ƙi buɗuwa, sai wani rubutu da Turanci a fuskarta, wai an kulle kayana, in biya fansa. Wasu ne da ban san garinsu ba suka bi layi suna murɗa ƙofofin mutane, suka tarar da tamu a sake.

Na kira Yaya Hussain. Mutumin da ya ce ba sai ya shiga mota ba, ranar ya shigo mota da gaggawa. Ya naɗe ta a zanenta ya tafi da ita Fika, ya ce in kwantar da hankalina. Da ya dawo da ita na kunna, ta yi sallamarta, tin-tirin, har na yi hamdala. Sai ta tambaye ni sunana. Ashe Yaya Hussain ya goge ta tas, bai tambaye ni ba. A nan na san Meram ta tafi, gangar jiki ce aka dawo mini da ita.

Ɗantala ya ce da an cire ta daga intanet an bar ta a kulle, da akwai sauran fata, domin wani lokaci ana samun makullin irin wannan cuta daga baya. Wanda aka kulle yana iya fitowa, wanda aka goge aka zuba wani a kansa ya tafi. Ya duba na'urar intanet, ya ga ƙofar tana nan a buɗe, domin mai gogewa ya manta da ita. Ya rufe ta a gabana. Abin bai kai shan kofin shayi ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan sanarwa. Baba ba ya son a ɗauke shi hoto. Ranar da za a kai Yaya Amatullah gidan miji ya zaunar da ita yana mata nasiha, rabi da Hausa rabi da Kanuri, ni kuma na laɓe a bayan labule da wayar aro. Ya ce mata mijinta mutumin amana ne. Can ya hango ni, ya yi dariya ya ce, "Bilya, ajiye abin nan ka zo ka gaishe da mutane." Bai ga wata sallar ba. Muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a cikin Meram. Na riƙe bidiyon ne don in cire kukan awaki in ba Yaya Amatullah shi a gyare. Makon jiya ta haifi namiji, ranar Asabar suna, za a sa masa sunan Baba a riƙa kiransa Babagana, kuma ta aiko in zo da bidiyon a nuna wa mata.

Yaya Hussain ya kira ni gefe ya ce, "Ka ce wuta ce ta ƙona ta, kowa zai yarda." Ba na yi wa mamaci ƙarya. Wuta ba ta taɓa ta ba.

Yaya Amatullah, ki yi haƙuri da ta wannan hanya kika ji. Na zo ƙofar ɗakinki, na ji kina yi wa jaririn wasa, na kasa. Ranar suna zan zauna in faɗa miki abin da na riƙe na maganar Baba. Kin san Kanurina ba shi da ƙarfi, kuma dariyar ba zan iya ta ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar linzami ɗaya, caja mai ɗaurin salatif, sifika guda mai kurman kunne, da sitabilaiza da ta yi gadin ƙofar da ba ta nan ɓarawo zai shigo ba. Ta kuma bar sabon filas na kwamfuta da na saya don in zuba wa Yaya Amatullah bidiyon. Yana cikin ledarsa, babu komai a ciki.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi, washegarin suna, don kada a ɓata wa mai jego taro. Ɗantala ne zai yi mata wanka da burushi a shagonsa, sannan a raba sassanta ga mabukata. Yaya Hussain ne zai ɗauki gawar daga ɗakina zuwa bakin titi, da hannu biyu, a gaban Inna. Ba a buƙatar ya yi jawabi. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidanmu. Wanda bai samu zuwa ba, ya nemi wanda ya sani ya duba masa ƙofofin tasa kwamfutar, a rufe na rufewa, a tayar da katanga, ko da wanda ya buɗe ɗin mijin yayarsa ne.

Abin da aka rasa: bidiyon bikin mutane goma sha ɗaya da ban kai ga miƙawa ba, hotunan shekara uku, muryar Baba ta minti tara, da suruki ɗaya.