Ranar da Tandun Kwallina Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da wannan Laraba. Akwai ni, akwai jikata Rakiya, malamar shimi, wato ilimin haɗa sinadarai, a wata lise, babbar sakandare ta Dogon Dutsi, akwai jaririnta Sani goye a bayana, akwai diraktan makaranta, akwai wani insifekta mai tabarau da ya taso daga Doso don ya ga koyarwarta, sai ɗalibai cike da ɗaki. Shaidu dai ba su yi ƙaranci ba.

Na zo ne daga Matankari renon yaron, kullum da hantsi nakan kai shi makaranta ya sha nono. Kullum kuma sai na rangaɗa masa kwalli. Rakiya ta yi roƙo har ta gaji: "Kaka, ki bar sa masa, akwai dalma a ciki." Ni kuwa in ce, "Da kwallin nan na raini uwarki. Ta makance?"

Ran nan Rakiya ba ta fito da wuri ba, sai na shiga ajin. (Ban taɓa zama bencin makaranta ba, amma ba a haifi ƙofar da za ta tsayar da ni ba.) Na tarar tana riƙe da kwalba mai farin gari kamar gishirin Bilma. Ta yi bayani da Faransanci, ta narka shi a ruwa, ruwan ya tsaya garau. Ta ɗauko wani ruwan, shi ma garau, ta zuba a kai. Wallahi kafin ƙiftawar ido ya koma rawaya shar, kamar an fasa kwanduwar ƙwai! Ta ɗumama, ta bari ya huce, sai ga ƙyalƙyali na zubowa a cikin kwalbar kamar ruwan zinariya. Na ga wasan 'yan bori iri-iri a Arewa, ban taɓa ganin mai tsabtar wannan ba. Na ce a raina: jinina ne wannan.

To, ni ina da hali. Ba na sayen kanwa ko gishiri sai na ɗanɗana, masu tallar kasuwa sun san harshena. Na matsa, na miƙa yatsa cikin farin garin.

"Kaka! Guba ce!" Ta cafke mini wuyan hannu gaban kowa. Ni da ko surukaina ba sa haɗa ido da ni.

Ta koma Hausa saboda ni. Wai sunansa nitrat na dalma. Da can da shi ake haɗa rawayan fenti da rini, har yau masu tace zinariya na aiki da shi, amma in ya shiga jiki taruwa yake yi, ya fi ɓarna ga ƙwaƙwalwar yara.

Mai hankali da ya yi shiru. Ni sai na gyara goyo na fara faɗa. "Guba tsakiyar ɗiyan mutane? Mushe Dirakta, haka kuke yi? Ni tunda nake ban taɓa kusantar da abin cutarwa ga yaro ba. Kayanmu na gado sun ishe mu!" Na zaro tanduna na kwalli na ɗaga sama.

Insifekta ya sauke tabarau, cikin ladabi ya ce, "Inna, a ba malama ta gwada mana shi mana."

Rakiya ta dube ni da idon roƙo, wato in ƙi. Na dangwara mata tandun.

Ta ɗebi kaɗan, ta ɗiga masa wani ruwa mai cin ƙarfe, ta ɗumama, ta tace. Ya fito garau, na fara murmushin nasara. Sai ta ɗiga wancan ruwa na biyu.

Rawaya. Irin na ɗazu sak.

Daidai nan angona Sani ya leƙo ta kafaɗata, idanunsa zagaye da kwalli raɗau, yana yi wa insifekta dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige har da ɗankwali.

Rakiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma bar kowa ya yi ba. Ta ce wa ɗalibai, "Kakata ta kawo mana darasin da babu shi a littafi. Wa ke da irin wannan a gida?" Hannuwa suka tashi, har na dirakta. Ta rufa mini asiri da zanen da ni ban rufa mata ba.

Ashe mai sa ido a kan kowa, nasa idon ne ba ya gani.

Washegari na wanke wa Sani fuska da ruwa zalla, na ce a kai shi likita a duba jininsa. Sannan na miƙa wa Rakiya tandun da na gada wurin uwata. Na ce, "Kulle shi tare da gubarku. Ki nuna wa yara, amma kar ki faɗi na wa ne."

Ta ce, "Kaka, ai har mai gadi ya sani."