Ranar da Famfon Sandamu Ya Ƙi Gane Ni

Ko tsufa ya cinye min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na'ura mai girman tafin hannu ta kunyata ni ba.

Aikina kula da famfunan sola ne a ƙauyukan Sandamu. Kowane famfo da 'yar na'urarsa a akwati saman tanki, da layin waya a ciki. Ƙwaƙwalwarta ko hotunan biki ɗaya ba za ta riƙe ba, amma masu basira suka rubuta mata wata 'yar manhaja mai tsaron ƙofa. Daga Daura nake shiga cikinta da kwamfuta, in kunna famfo, in kashe, ba mai iya leƙen abin da muke yi. Wallahi har yau abin na ba ni mamaki.

Wata rana da hantsi a rumfar mai shayi, na ba abokaina wannan labari, suka ce ƙarya nake. Na buɗe kwamfuta na kashe famfon wani ƙauye, na kira mai unguwarsu, na ƙure muryar waya.

"Ranka ya daɗe, ruwa na zuwa?"

"Yanzun nan ya ɗauke, ɗan nan!"

Rumfa ta kaure da "Ikon Allah!" Kaina ya kumbura. Maimakon in mayar wa mutane ruwansu, sai na ce bari in nuna musu tsaro (wa ya aike ni?). Na soke shiga da kalmar sirri, na ce wa na'urar daga yau sai mai makulli, wato wani fayil na musamman. Na fita, na dawo in shiga. Ta ƙi. Ashe ban taɓa gabatar mata da makullina ba.

Na gwada, na sake gwadawa, har magiya na yi mata. Ko gezau. Ni da na ɗaura ta da hannuna! Amma a raina jinjina mata nake.

Haka na hau babur na nufi ƙauyen. Na tarar da mata da jarkoki a rana, shanu na kuka a bakin kwami. Na ari tsani na hau tanki don in jona da na'urar kai tsaye, kwamfuta a hammata, duk gari na kallon bayana. Wata tsohuwa ta ɗaga kai.

"Ba kai ne aka ce daga Daura kake ba mu ruwa kana zaune ba?"

"Ni ne, Iya."

"To hana mu kake iyawa daga can, bayarwa sai ka hau tsani?"

Tun daga ranar, in aka ce ƙarya nake a rumfar shayi, sai in ce sun yi gaskiya, in ƙara wa shayina sukari.